Zoben da Ya Tona Hannuna

A zamaninmu, mai son wasa rami yake tonawa a ƙasa ya jera tsakuwar dara. Yanzu wasa darasi ne a makaranta, har maki ake ba shi. Jikata, wadda ke zaune wurina a Barnawa tana karatun zane da ƙira, an ce ta ƙera wasan da za a kama da hannu a buga.

Ta samo katako wurin wani kafinta a Makera, ta kafa wayar jan ƙarfe a kai, ta lanƙwasa ta kamar kogin Kaduna. Mai wasa zai bi da zobe daga wannan gaɓa zuwa waccan. In zoben ya taɓa wayar, ƙararrawa ta yi ƙara. Na ga irinsa a wata kasuwar wasanni a Jamus, na kuma gani a Alƙahira, a duka biyun na wuce ina dariya.

Malaminta ya ce sai mutane masu shekaru daban-daban sun gwada. 'Yar maƙwabtanmu, mutanen Filato, ta haye sau uku ba ƙara.

"Saura kai, angona," in ji jikata. "Ko tsufa ya hana?"

Wata biyar ke nan hannuna na dama yana rawa, ban gaya wa kowa ba. Kofin shayi da hannu biyu nake ɗauka. Haka mahaifina ya fara, har ya kai sai an ba shi abinci a baki.

Na kama zoben. Ko taƙi ɗaya ban yi ba ƙararrawa ta ɗauka. Na sake, ta sake.

"Amarya, wayarki ce ba daidai ba," na ce.

Ta yarda, domin ban taɓa yi mata ƙarya ba. Saura kwana uku ta kai aikin gaban malamai. Washegari da hantsi na tarar da ita a tsakar gida da filaya, idonta ja, za ta kwance aikin wata biyu ta nemo laifin da babu shi.

Na tsaya a bakin ƙofa. Na san in na furta, abin ya tabbata.

"Ajiye filayar nan," na ce. Na miƙa mata hannuna a buɗe, ta ga yadda yake kaɗawa.

Ta daɗe tana kallo. "Tun yaushe, Baba?" Ban taɓa jin ta kira ni haka ba.

Ta kai aikinta yadda yake, sai babban zobe da ta ƙara domin tsofaffi. Da sati ya zagayo ta raka ni asibiti. Tun daga ranar ban sake tuƙa mota zuwa gonata ta Kakau ba. Makullin yana hannunta.