Sharaɗin da na saka a darasin gina manhaja

Shekarun baya, mu uku abin ya shafa: malamina a sashen kimiyyar kwamfuta, ni, da aka ɗauka mataimakinsa ban daɗe da kammala digiri ba, sai ƙanen abokina, ɗan Konduga, ɗalibinmu a ajin ƙarshe.

Sashen ya so sabunta darasin gina manhaja, malam ya ce in kawo daftari. Na tsara a raba ɗalibai huɗu-huɗu, kowane rukuni ya gina manhaja ɗaya. Sannan na ƙara sharaɗin da nake taƙama da shi: kowa ya riƙe ɓangarensa a kwamfutarsa, kada abokan aikinsa su gani sai makon haɗawa. Ina ɗalibi na sha yi wa malalata aiki su kwashi maki, kuma ban huce ba.

Malam ya karanta, ya ajiye takardar. "Ɗana, gina manhaja za ka koyar ko tsaron jarrabawa? A garin nan, yadda ake ciki da hare-hare, ka tabbata mutum huɗu za su kai ƙarshen zango tare?"

"Malam, in suka ga na juna, kwafa za su yi."

Washegari na kawo masa hujjoji shafi biyu, kowace da lambarta. Ya gaji da ni, ya sa hannu.

Rukunin ƙanen abokina suna gina wa wani dillali a Kasuwar Shanu manhajar bibiyar rigakafin dabbobinsa. Shi ke riƙe da rumbun bayanai, wanda sauran ɓangarorin ba sa aiki sai da shi. Saura mako uku a haɗa, ya tafi Konduga da kwamfutarsa don ɗauko mahaifiyarsa. Aka kai wa garin hari, suka fito a ƙafa da kayan jikinsu. Kwamfutar ta ƙone tare da ɗakin.

Da ya zo ofishina bai zarge ni ba. Cewa ya yi, "Yaya, tun watan jiya na so in ba su kwafi. Sai na tuna dokarka ce, kada a ce ɗan gida ne ya fara karya ta."

Malam ya nemar musu ƙarin mako biyu, bai wadatar ba. Suka faɗi darasin, ƙanen abokina kuma bai koma jami'a ba.

Na soke sharaɗin da hannuna. Yanzu abin da nake fara koyarwa shi ne ma'ajiya guda wadda kowa ke zuba aikinsa kullum, kuma har yau da nauyin baki nake koyar da shi.

An rasa aikin wata huɗu, shekara guda ta mutum uku, da digiri ɗaya.