Gafaka Goma Sha Ɗaya a Limancin Kona

Malam Abdulwahab tela ne a unguwar Limancin Kona, amma abin da ya fi ji da shi gadonsa ne: gafaka goma sha ɗaya cike da littattafan kakanninsa, rubutun hannu, a ɗakin da ke jikin zaure. Duk Juma'a yakan fito da su ya kaɗe, ya duba ko gara ta shiga.

A farkon 2022 yayansa, Alhaji Sabo, ya ce zai mai da ɗakin shago, littattafan su koma bayan gida inda rufi ke yoyo.

"Shekara ɗaya na ba ka. In ba wanda ya zo nemansu, ka kwashe."

Sumayya, 'yar ƙanwar Malam mai karatun kwamfuta, ta ɗauki hotunan littattafan ta buɗe masa shafi a intanet. Malam ya kafe sai an jera su yadda gidan ya san su: gafakar Liman Ya'u, gafakar Malam Bala, har ƙarshe. Adireshin kowane littafi a intanet ya zama sunan kaka da lamba. Wata bakwai, ko waya ɗaya ba a bugo ba.

"Kawu, wa ya san Liman Ya'u a Jos?" in ji Sumayya.

"Kakan naki ne ba a sani ba? Lallai yarinyar nan kin ƙoshi!"

"Mu muka san shi. Baƙo 'maganin ciwon ido a ajami' zai rubuta. Injin bincike yana duba adireshi da kan shafi don ya gane abin da ke ciki, mu kuwa sunayen gida muka ba shi."

Sai bayan kwana uku Malam ya zauna, suka ware littattafan fanni-fanni: fiƙihu, magani, taurari, waƙa. Kowane adireshi ya fara da fanninsa, sai sunan littafi. Sharaɗinsa ɗaya, sunan kaka ya zo a ƙarshe.

A wata na goma sha ɗaya Malama Priskila, mai koyar da aikin jinya, ta ci karo da shafin tana neman littattafan magani, ta bugo. Ashe tana nan Wusasa, kusa da su. Ba ta iya ajami ba, da ta zo Malam ne ya karanta mata. Mako na zagayowa ta dawo da ɗalibai tara.

Alhaji Sabo ya tarar da takalma jere a bakin ɗakin. Ya leƙa ciki.

"A ƙaro musu tabarma," ya ce. "Na nemi shago a Ƙofar Kibo."

Har yau in Malam yana ba da labarin, yakan gode wa Allah, sannan ya sa wa Sumayya albarka, don ta yi masa gardama tun da sauran lokaci.