Buhun Littattafan Yaya Binta

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayata, Malama Binta, wadda ta koyar a wata firamare a Kibiya har ƙarfinta ya ƙare. Allah ya jiƙanta da rahama. Abin da ta bar mini buhu ne guda na tsofaffin littattafan yara, kuma a bana buhun nan ya hana ni sakat.

Yaya ta yarda da marubutan dā kamar yadda mutum yake yarda da kakansa. Takan ce sun gane yaro ba ya jin wa'azi, labari yake ji, shi ya sa suke sa haƙuri a bakin kunkuru, su ɗora wa kura kwaɗayi. Duk ranar Alhamis, in an kusa tashi, sai ta goge lissafin da ke allo ta ɗauko ɗaya. In ta zo wurin tausayi sai ta sassauta murya, ta ɗan yi shiru, ajin ya yi tsit. Ban taɓa musa mata ba, amma tun lokacin ina da zargi. Na lura yaran da suka fi iya faɗin darasin labari ba su ne suka fi aiki da shi ba. Masu gyangyaɗi a bayan aji, yau su ne manoman albasar da in sun ce maka buhu ya cika, to ya cika.

Wanda ya fi kowa baki a ajin shi ne Garba. Kafin ta rufe littafi ya ɗaga hannu, ya zayyana mata illar ƙarya da cin amana har ta ji daɗi. Tana ji da shi ƙwarai. Ni kuwa ina ganin yaron ya gano abin da kunnenta yake so ne kawai.

Da aka ƙaddamar da Shari'a mun yi murna kamar kowa. Sai wasu samari suka kafa wa kansu kwamitin duba littattafan makarantu, wai dabbobi masu magana suna ɓata tarbiyya. Ba malaman gari ne suka aiko su ba. Limaminmu ma cewa ya yi shi bai ga abin tashin hankali a labarin kunkuru ba. Garba ne a gabansu, lokacin yana neman kansila. Ya tsaya a filin makaranta ya yi jawabi a kan gaskiya da riƙon amana, kuma wallahi kalmomin nan daga ajin Yaya ya kwaso su. Ba ta yi gardama ba. Ta zuba littattafan a buhun gero, na ɗaure a bayan mashin, muka kawo su gidana a Rano. A hanya na yi ta zaginsa, ita kuwa tana cewa in bar shi, ƙuruciya ce, zai dawo hanya. Har ta rasu ba ta daina jiransa ba, abin da har yau yake mini ciwo.

To bana, ana gab da zaɓe, sai ga Garba a ƙofar gidana, ya zama Honarabul, ya yi wuya. Wai zai gina wa yaran Kibiya ɗakin karatu, a sa masa sunan Malama, yana roƙon in ba shi littattafan. Na fito da buhun zaure don in ga iya gudun ruwansa. Ya laluba ya zaro wanda Yaya ta fi so, wani da bangonsa ya fita, bai ko buɗe shi ba, ya fara karantowa da ka. Muryarta ce sak, har inda take yin shiru. Da ya gama, idonsa ya kawo ruwa.

"Malam Idi, na cuce ta," in ji shi. "Ka bar ni in gyara."

Saura kaɗan in miƙa masa. Sai na tuna ai ita ce ta koya masa inda ake sassauta murya, kuma na taɓa ganin abin da ya yi da karatunta.

"Ranka ya daɗe, ka dawo bayan zaɓe," na ce.

An yi zaɓe, ya ci, bai dawo ba. Mai ɗakina ta ce yadda nake ta murmushi sai ka ce ni na ci. Amma da damina ta tsaya, na janyo buhun don in shanya, sai na tarar gara ta shiga ta ƙasa. Wanda Garba ya karanta ta cinye shi daga tsakiya zuwa ƙarshe. Na zaga masu sayar da littattafai a Kano, suka ce an daɗe da daina buga shi, sai dai in ina son tambayoyin jarrabawa.

Da Yaya tana nan, na san abin da za ta yi. Da ta ba shi tun ranar farko, ta ce ko don ƙuri'a ya gina, yaran da za su zauna a ciki ba ruwansu da niyyarsa. Da ta ga yaran yau sun duƙufa a kan waya ma ba za ta tsine musu ba, cewa za ta yi har yanzu labari suke nema. Ni ban kai ta kyakkyawan zato ba, kuma ba na jin zan kai. Har gobe ban sani ba ko marubutan nan suna gyara halin yaro, ko kuwa wani yaron baki kawai suke gyara masa.

Abin da na sani shi ne, na tsare littattafan daga Garba, ban tsare su don kowa ba. Labarin da ta fi so, da muryar da take karanta shi, yanzu ba su da wurin zama sai bakin mutumin da ban yarda da shi ba. Jibi zan hau mota zuwa Kano, in bi layin masu jiran Honarabul, in roƙe shi ya karanto mini abin da gara ta ci in rubuta. Zan kasa kunne sosai, don ban tabbata ba zai ƙara nasa a ciki ba.