Falle ɗaya da ya rage na Baba Haruna

Da safen nan labari ya iske ni: Baba Haruna mai hoto na kasuwar Hajj Abdalla ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi ya koya mini aiki da babbar kyamarar katako, mai baƙin mayafi, wadda ake sa wa fim falle-falle. Bai taɓa barina na koma gida ban sha shayi ba, ko da ya gama yi mini faɗa.

'Yarsa Zainab ce ta kira ni. Cikin kuka ta ce, "Yaya, kana da hoton Baba? Mun duba ko'ina, babu ko ɗaya."

Mutumin da ya ɗauki rabin garin nan bai taɓa yarda a ɗauke shi ba.

Sai sau ɗaya. Watan jiya na kai masa tawa kyamarar daga Wad Madani, don hotunana sun lalace: wani ya fito fari fat, wani kuma fuskoki baƙi ƙirin. Ya kara ta a kunne, ya danna shata, wato ƙyauren da ke buɗe wa haske, ya ce:

"Ya zol, kai mutumina, shatarga tana jan ƙafa, ƙura ta cika ta. Shi ya sa haske ke yi maka yawa."

Na ce, "To baƙaƙen fuskokin fa, Baba?"

"Wanga laifinka ne. Mutanenmu farar jallabiya suke sawa, kai kuma hasken riga kake aunawa. Auna fuska."

Ya goge shatar, ya zauna a kan benci ya ce in gwada a kansa. Falle ɗaya ya rage mini. Na ɗauka, na dawo gida, na yi ta ɗage wankewa. Sakaci ne kawai.

Ɗazu na shiga ɗakin duhu in wanke shi. Ban tuna ko fuskar na auna ko rigar ba. In hoton ya ƙone, shi ke nan, jikokinsa ba za su san kamanninsa ba.

Jallabiyar ta ƙone, ta yi fari fat, babu komai a cikinta. Amma fuskar ta fito tsaf, bakinsa a buɗe, yana cikin gyara mini tsayuwa.

Zainab, gobe zan kawo miki.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.