Ɗakin da Ya Hana Ni Jin Kakata

Ko zan manta da komai, ban da ranar da na kawo kakata situdiyon da na haɗa a gidanmu na Kazaure.

Situdiyo dai a baki ne. Tsohon ɗakin ajiya na share, na manna kiret ɗin ƙwai a bango, na jingina katifu a taga, na rataya bargo a ƙofa. Makirufo da kwamfutar ma na hannu na saya. Amma fa ɗakin ya toshu, ko mai injin markaɗen maƙwabtanmu ya tayar ba ka jin komai. A lokacin ji nake babu gwani kamata.

Burina ɗaya ne, in naɗi waƙoƙin dakan kakata. A danginmu ita kaɗai ta rage da ta iya su. Da ƙyar na lallaɓo ta daga Gwiwa, na zaunar da ita gaban makirufo, na fara naɗa na ce, "Bismillah, Iya."

Ta dubi bango, ta dube ni. "Maigidana, kaji za ka kiwata a nan ne?" Muka yi dariya. Ta gyara murya, ta ɗauko waƙa, ta tsaya. Ta sake ɗaukowa, ta kuma tsayawa.

"Ba ta zuwa," in ji ta. "Ni ban taɓa waƙa hannuna a zaune ba. Ina turmi?"

Na yi mata bayani, irin na masu sabon ilimi, cewa ƙarar taɓarya za ta danne murya. Ta ce to bari ta sha iska. Ni kuma na ja bargo, na sa abin ji a kunne, na duƙufa gyaran sauti don ta dawo ta tarar da komai tsaf.

Da na fito bayan la'asar, sai na ga mahaifiyata a gefen turmi tana share hawaye. Ashe Iya ta tarar da ita tana surfe, ta karɓi taɓarya, suka shiga lugude. Wai waƙa ta yi ta zubowa, har da waɗanda mahaifiyata ba ta sake ji ba tun tana yarinya. Ni ina bayan bango, ban ji ko ɗaya ba.

Na roƙi Iya ta maimaita. Ta ce kafaɗarta ta gaji, in bari sai an yanke gero in same ta a gida. Ba a kai ga yankan ba Allah Ya karɓi abarsa.

Abin da ya rage mini shi ne tambayar nan ta kaji da dariyarta, a naɗe tas babu hayaniya ko kaɗan. Har yau ciwon abin bai sake ni ba. Tun daga nan na gane cewa mai waƙa ake bi da makirufo inda take waƙarta, kome ƙarar wurin.