Ɗakin da na fassara wa baƙona

Har yau in na ji wani yana yabon Zongo, unguwarmu ta Hausawa, da cewa mu ba ma korar baƙo, sai jinina ya tafasa. Gaskiya ne, ba ma kora. Amma ku tambayi wanda yake kwana a kan tabarma saboda alherin da wasu suke taƙama da shi.

Ban daɗe da gama lise, wato sakandare, ba na bar gidanmu. Gidan ya cika, mu samari biyar a ɗaki ɗaya, ga ni na fara gyaran waya a wata rumfa a kasuwar Assigamé. Na tara abin da na tara, na kama ɗaki a can ƙarshen Zongo, gidan wata dattijuwa 'yar ƙabilar Mina da kowa ke kira Maman. Ɗakin ƙarami ne, tagarsa tana kallon makewayi, amma makullinsa a aljihuna yake. Sharaɗinta ɗaya ne: mutum ɗaya ta ba haya, mutum ɗaya take so ta gani. Ruwan gidan saye ake yi, makewayi kuma guda ne.

Ranar da na tare, garin rogo na jiƙa da sukari na sha, ina jin kaina kamar gwamna.

Ban ko gama murna ba kawuna ya aiko a kira ni. Ƙanen mahaifina ne, limamin wani ƙaramin masallaci, mutumin da ba a yi masa musu. Na same shi da wani Alhaji mai ƙiba, ɗan kasuwa daga Najeriya, ya zo sayen motocin da ake saukewa daga Turai a tashar jiragen ruwa.

“Ɗan nan, na ji ka yi ɗaki, madalla,” in ji Kawu. “Ga baƙonmu, zai sauka wajenka kwana biyu.”

Ai shi ke nan. A Zongo in ka yi ɗaki, ka zama masauki. Baƙo shi ne da katifa, kai ne da ƙasa. Kai za ka kawo masa koko da ƙosai da safe, kai za ka cika masa buta. Babban abin kunya kuma shi ne ka tambaye shi yaushe zai tafi.

Alhaji ba ya jin Faransanci, ba ya jin Mina. To wa zai raka shi tasha? Ni. Na riƙa barin rumfa ina bin sa a kan zemijan, babur ɗin haya, ina yi masa ciniki da dillalai a cikin rana. A gabana yake zaro kuɗi daga ƙasan babbar riga ya sayi mota, mu dawo gida ya ce, “Yaro, yau me muka samu?” Muka! Ni da ko abincin rana sai na yi dabara. Nakan sayo masa shinkafa da wake har da kifi, in ce ni na ci a hanya. Wallahi ban ci ba.

Kwana biyu suka zama makonni. Sai ga direbobinsa da za su tuƙa motocin zuwa gida, su ma ɗakina. Takalma suka yi layi a bakin ƙofa. Da asuba sauran 'yan haya su tarar da mutanena sun tare makewayi, kowa da butarsa, ruwan randa ya ƙare. Maman ta tsare ni a bakin ƙofar gida.

“Otal na ba ka haya?” ta ce. “Ko su tafi, ko ku tafi tare.”

Na ruga wajen Kawu, na durƙusa, na gaya masa ɗakina zan rasa. Ko ɗago kai bai yi daga littafinsa ba.

“Kakanka da ya sauka a garin nan, wani ne ya ba shi shimfiɗa, bai tambaye shi komai ba. Kai ne za ka fara korar baƙo a zuri'armu? Bokon nan ya lalata ku.”

Na ce, “Kawu, ko ku ɗauke su zuwa gidanku?” Gidansa da ɗakin baƙi har da fanka. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa, ya ce in tashi in ba shi wuri.

Na dawo ina ta shirya maganar da zan faɗa wa Alhaji. Na shirya ta da Hausa mai laushi, na shirya ta da zafi. Ina shiga ya ce, “Sannu ɗana, kawo mini ruwa,” sai na kawo. An raine mu a haka, kuma ina jin haushin rainon nan har gobe.

Ƙarshen wata Maman ta zo da kanta, ta ce in kwashe kayana. Na roƙe ta da Mina, na roƙe ta da Faransanci, har hawaye sai da suka zo mini. Ta ce ta gama magana. Alhaji yana zaune a kan katifata yana cin goro, ya tambaye ni me matar ke cewa. Na gaya masa an kore ni.

“Ash, ba daɗi,” ya ce. “To tunda ɗakin zai zama babu kowa, tambaye ta nawa za ta ba ni. Ka ga ina yawan zuwa. Ce mata zan biya na shekara yanzu, har da kuɗin ruwa.”

Na tsaya ina kallonsa. Ya ce, “Fassara mana, yaro.”

Kuma na fassara. Da bakina na gaya mata, da bakina na mayar masa da amsarta, har ragi ya sa na nema masa, ta kuwa rage. Matar da ta ce mutum ɗaya take so ta gani, tana ganin kuɗi a hannu ta manta da lissafin takalma.

Ina ɗaure kayana a buhu, Alhaji ya dafa kafaɗata.

“Allah ya yi maka albarka, ka riƙe mu da kyau,” ya ce. “In ka rasa wurin kwana ka zo, kada ka ji kunya. Mu ba ma korar baƙo.”

Na ce amin, na miƙa masa makulli.