Yadda Doña Herminia Ta Rame

Tun tana 'yar shekara tara Herminia Tecuatl ta fara tafa ƙullun masara a gefen mahaifiyarta, a wata rumfa da ke bayan kasuwar garin Cholula. Da uwar ta rasu, ita ta gaji kaskon. Mijinta Anselmo ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar da ke arewa da su neman aiki, ya aiko da wasiƙa sau uku, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Da tortiya, wainar masarar da take gasawa, ta ciyar da 'ya'yanta mata biyu, da ita ta yi musu takalman makaranta, har babbar, Yesenia, ta buɗe shagon gyaran gashi a Puebla, ƙaramar, Maricruz, ta samu aiki a kantin magani.

Tana da shekara hamsin da takwas ƙafarta ta hagu ta fara mutuwa. A asibitin unguwa aka ɗora ta a sikeli, kilo casa'in da huɗu. Likita ya ce ciwon suga ne, ko ta rage ƙiba ko a wayi gari ana maganar yanke ƙafar.

Ranar Lahadi 'ya'yan suka zo cin abinci kamar yadda suka saba. Ta gaya musu. Ta yi tsammanin wata za ta rungume ta. Sai Yesenia ta miƙa hannu ta janye kwandon tortiya daga gabanta.

"Wannan ce ke kashe ki, Mama. Ita da shinkafa da burodi. Duk abin da ke da sitaci, daga yau kin yi sallama da shi. Ki dube ni, ai da haka na zubar da tawa ƙibar."

"Haba Yaya, yunwa za ki kashe ta da ita?" in ji Maricruz. "Ta ci komai, a dai ƙirga. Kalori dubu da ɗari huɗu a rana, shi ke nan. Ni nake aiki da magani, ba ke ba."

"Sayar da maganin mura ne ya mayar da ke likita?"

"Ya fi dai wanke kan mutane."

Herminia tana zaune tsakaninsu, wakenta na hucewa. Kafin su tashi sun yanke shawara: wata uku a bi ta Yesenia, wata uku a bi ta Maricruz, a ga wadda ta fi. Ba wadda ta tambayi mai jikin.

Watannin Yesenia sun zo da ƙwai da nama da ganye. Tun asuba Herminia na tsaye kan kasko tana juya tortiya ɗari-ɗari, ƙamshin na dukan hancinta, ba damar ta kai ko gutsure baki. Shekara arba'in da tara tana ɗanɗana ta farko don ta ji ko ƙullun ya yi. Yanzu sai ta miƙa wa maƙwabciyarta Doña Otilia mai sayar da barkono ta ɗanɗana mata. Wata rana jiri ya kwashe ta, ta dafa kaskon da tafin hannu. Sati biyu hannun na naɗe. Kilo bakwai suka tafi.

Maricruz kuwa da ƙaramin sikeli ta zo, ta ajiye shi a kicin. An maido wa Herminia da tortiya, amma biyu, kuma sai an auna. Duk farantin da za ta ci sai ta ɗauki hotonsa ta tura wa Maricruz. In ta manta, waya ta yi ƙara.

"Mama, cokali nawa na mai kika zuba a waken nan?"

"'Yar nan, ni da hannu nake zuba mai tun ba a haife ki ba."

"Shi ya sa muke nan ai."

Kilo shida suka tafi. Yesenia ta ce bakwai ta fi shida, magana ta ƙare. Maricruz ta ce na farkon rabinsa ruwa ne, kowa ya san haka. Suka daina gaisawa sosai.

A bikin cikar 'yar Yesenia shekara goma sha biyar, Herminia ta sa rigar da aka rage mata sau biyu. Kowa na yaba ta. Tana kusa da teburin surukai ta ji Yesenia na cewa, cikin dariya, "Ai da ƙyar na ceto ta. Shekara da shekaru tana sayar wa unguwa guba, ita ma tana ci." Aka kwashe da dariya. Herminia ta dubi takalman da ke ƙafar 'yarta, ta dubi hannunta mai tabon ƙuna. Ta nemi mayafinta, ta hau motar haya ta koma gida tun ba a yanka kek ba.

Ƙafar ta tsira. Likita ya yi murna, ya ce a yi koyi da ita. Rumfar ce ba ta tsira ba: 'ya'yan suka haɗu, karo na farko cikin watanni, suka ce tsayuwa kan wuta ta ishe ta haka. Wani mai injin yin tortiya ya karɓi wurin. Cin abincin Lahadi ma ya mutu, don in wannan ta ji waccan za ta zo, sai ta ce aiki ya riƙe ta.

Kwanan baya Doña Otilia, wadda ita ma likita ya ja mata kunne, ta biyo ta gida ta same ta a tsakar gida da ɗan faranti a cinya.

"Ƙawata, gaya mini gaskiya. Wanne ya fi, barin masarar ko ƙirgen?"

Herminia ta daɗe tana tauna.

"Ki ci abinci ke kaɗai kullum," ta ce. "Ko ba ki so sai kin rame."